Ranar Da Gwamnati Ta Ce Na Fi Ƙarfin Ƙauye

Jama'a, ku taya ni jimami, in kuma dariya ce ta zo muku ku yi abarku, ni ma na yi. Ranar wata Talata a watan jiya na sa kwat ɗina ta zuwa coci, na goge takalmi har yana ɗaukar ido, na tuƙa mota awa uku da rabi daga unguwarmu ta Soundview a Bronx zuwa wata gunduma ta karkara can arewacin jihar New York, don kawai in roƙi gwamnati ta yarda ni baƙauye ne. Muna isa ƙofar gidan da muka je dubawa na sauko da ƙafar dama, sai ji na yi caɓal, takalmin nan ya nutse cikin kashin shanu har idon sawu. Matata Susana ta zagayo, ta dubi ƙafata, ta ce, "To, Baban Aminci, ka samu shaidar farko."

Wanda bai san ni ba zai ce ina abin jimami a nan. Ni ne Chollom, direban bas ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin filin jirgi da wurin ajiye motoci a unguwar Jamaica ta birnin New York. Sama da shekara ashirin da biyu ke nan da na bar ƙauyenmu na bayan Riyom, da rantsuwar cewa ni da fartanya sai dai a hoto. A Jos an kira ni baƙauye, na haɗiye. A Kano an kira ni baƙauye har ana nuna ni da baki, na haɗiye. Da na iso New York na ce ba mai sake faɗa mini wannan kalma. Na haddace layukan jirgin ƙasa, na koyi shan kofi ina tafiya, har na koyi wuce mutum a matakala ban gaishe shi ba. Duk wannan wahala da na sha, ga ni yau da furfura ina bin ofis ina neman takardar ƙauyanci.

Abdul-Fatawu ne ya jefa ni. Abokin aikina ne, mutumin zangon Kumasi, irin mutanen nan da suka san ƙofar kowane arziki a Amurka amma har yau suna haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wata rana muna jiran canjin aiki ya ce, "Chale, kana nan kana ta ciyar da mai gidan haya? Gwamnati yana tsaya wa mutum a ba shi bashin gida, ko sisi ba ka ajiyewa. Sharaɗi ɗaya ne, gidan ya zama a ƙauye." Na ce to kai me ya hana ka? Ya ce shi sanyin ƙauye ba ya yi da ƙirjinsa.

Da na ja bakina na yi shiru, da yanzu ina zaune lafiya. Amma ina, sai da na kai maganar gida. Susana kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ta wuni tana ɗaga uwar wani tana kwantarwa. In ta dawo, kafin ta cire takalmi sai ta buɗe taga ta leƙa matakalar gudun gobara, inda ta jera bokitan fenti guda bakwai. Yakuwa a uku, gauta a biyu, alayyafo a ɗaya, sai wani barkono da ya ƙi girma ya kuma ƙi mutuwa. Sau biyu mai kula da ginin yana kwashe su, sau biyu tana sake shukawa. Ranar da na aika mata takardun tahowa ita da 'yarmu Aminci, na cika baki a waya na ce ki zo, zan saya miki gida mai fili ki shuka abin da kika ga dama. Shekara goma sha tara ke nan, bokitan fentin nan su ne filin. Ba ta taɓa tuna mini ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi yi mini ciwo.

To, mu koma ranar kashin shanu. Gidan ɗan ƙarami ne, fari, ɗaki uku, rufinsa ya ɗan gaji. Susana ko kicin ba ta leƙa ba. Kai tsaye bayan gida ta wuce, ta cire takalmi, ta durƙusa ta tona ƙasar da hannu, ta shinshina. Ta ɗago ta ce, "Wannan za ta yi dankali." Rabon da in ga fuskarta haka tun ranar auren Aminci. Ta ɗebi ƙasar cikin leda ta ƙulle ta sa a jaka, ni kuma ina gefe ina goge takalmi da ciyawa ina jin kaina kamar na riga na biya.

Daga nan muka wuce ofishin da ake tantance masu nema. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran shekaru a ƙasar nan. A ciki muka samu wani bawan Allah mai fara'a, da kofin kofi da babban allo a gabansa. Ni dai Ranka Ya Daɗe Sarkin Taswira nake kiransa. Ina zama na fara kawo hujjojina: an haife ni a bukka, na yi kiwon awaki, na san noman acca tun daga watsa iri har sussuka, ga ma tabon lauje a yatsana. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce cikin ladabi, ai ba ni ake so in zama ɗan ƙauye ba, gidan ake so. Kai, na ji kunya. Sirrin da na ɓoye shekara ashirin da biyu na tona shi a banza a gaban baƙo.

Ya juyo da allon ya nuna mini taswira. Wani jan layi ne ya bi tsakiyar titin da muka baro. Gidajen hagu ƙauye, gidajen dama birni. Na ce ranka ya daɗe, yanzun nan na ga saniya ɗaya ta tsallaka titin nan, ta ci ciyawa a hagu ta koma dama, ke nan da safe baƙauya ce da rana 'yar birni? Ya ce shi ba shi ya ja layin ba, manya ne suka ja a can babban birni. Allah ya ƙara wa manyan nan basira. Mutanen da ba su taɓa taka abin da na taka ba, amma daga hawa na goma suna iya hango daidai inda ƙauye ya ƙare. Ikon Allah, gidanmu ya faɗa hagu.

Murna ta sa bakina ya kuɓuce. Na ce in Allah ya yarda cikin shekara biyu duk yakuwar da za a ci a Bronx daga bayan gidan nan za ta fito. Sarkin Taswira ya ajiye kofi ya ce, gonar kasuwanci za ku yi? Domin in gonar neman kuɗi ce, wannan bashin ba namu ba ne. Susana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ƙafar kashin shanun kuwa. Nan take na rage gonar ta koma 'yan ganyen miya na mutum biyu marasa cin abinci sosai. Ashe ana so ka zauna a ƙauye, amma kada a kama ka kana abin da ake yi a ƙauye.

Sai sharaɗi na biyu, wanda Abdul-Fatawu bai ji labarinsa ba. Dole abin da gidanka yake samu a shekara ya isa biyan bashin, amma kada ya wuce wata iyaka da manyan suka yanka. A taƙaice ka zama talaka, amma talaka mai tsari. Wannan bai tsorata ni ba. Shekaru ina rantse wa mutanen gida a waya cewa ba ni da komai, ina kuma nuna wa mutanen coci cewa ina da komai, na ce tsakiyar nan ai wurina ne. Ya miƙo mini fom mai shafi kusan arba'in, da wata takardar talla mai sheƙi, hoton miji da mata da yara biyu suna dariya a gaban gida, haƙora reras. Shafi na biyu ya ce a rubuta sunan duk wanda zai zauna a gidan. Ban ko yi tunani ba na rubuta uku: Chollom, Susana, Hamidou.

Bari in gaya muku wane ne Hamidou, don a kansa maganar take. Ranar da na sauka a filin jirgin nan da nake aiki yanzu, wanda ya ce zai tarye ni bai zo ba, lambarsa ma ba ta shiga. Na zauna kan akwatina tun safe har la'asar, ina ta magana ni kaɗai da Hausa don kada in yi kuka. Wani dogon mutum da ya zo karɓar kaya ya tsaya ya ce, "Kai, mi ya hwaru?" Mutumin Maradi ne, yana sayar da turare da man kaɗanya da huluna a kan tebur a titin 125. Bai tambayi addinina ba, bai tambayi garinmu ba, ya ɗauki akwatina ya yi gaba. Wata takwas na yi a ɗakinsa, shi a katifa ni a tabarma, daga baya ma ya ce bayansa ya fi son tabarmar. Shekara shida da suka wuce, iyalinsa sun koma Maradi, ginin da yake haya kuma aka sayar, daidai lokacin da Aminci ta tafi jami'a. Na ce Yaya, ga ɗaki ka yi sati biyu kafin ka samu wuri. Tun daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar sati biyun. Shi ke cefanen nama don ya san inda aka yanka, shi ke tashe ni in ƙararrawa ta ci amanata, kuma in muka yi faɗa da Susana shi ke fitowa falo ya zauna yana jan carbi har mu ji kunya mu daina.

Sarkin Taswira ya sa yatsa kan layi na uku ya ce, wannan fa? Na ce yayana ne. Ya ce uba ɗaya? Na ce a'a. Uwa ɗaya? Na ce a'a. Ya dube ni ya dubi sunan, ya ce to me kuka haɗa? Na ce tabarma. Bai gane ba, ni ma ban iya fassarawa ba. Ya ce ba komai, ko wane ne shi, tunda babba ne kuma zai zauna a gidan, abin da yake samu yana shiga lissafi. Nan na san mun shiga uku. Domin Hamidou, duk titin 125 shi ne mutumin da ke rubuta wa masu haraji gaskiya har kwalbar turare ta ƙarshe, wai ba zai tsaya gaban Allah da haƙƙin ko da gwamnati ba. Aka haɗa nawa da na Susana da nasa, muka haye iyakar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Da kun kai mutum biyar, da iyakar ta ɗaga," in ji Sarkin Taswira. Ku ji fa. Ni da na tashi a gidan da ake zuba tuwo a kwano goma sha ɗaya, yau an ce mutane ne ba ni da su. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai hanya mai sauƙi. In mutumin nan ba zai bi mu ba, a soke sunansa, mu biyu mun cancanta sarai. Ya ce zai riƙe mana fayil ɗin wata guda. Ya faɗe ta kamar mai cewa a rage gishiri a miya.

Awa uku da rabi muka yi a hanyar komawa gida. Susana ta rungume jakarta mai ƙasa a cinya tana kallon gonakin mutane.

Washegari na kai ƙara wurin Abdul-Fatawu. Ya ce, "Ei, wannan ne matsala? Soke sunan, in kun tare ka ɗauko shi a bayan mota." Na ce a ƙasan fom ɗin nan an rubuta cewa wanda ya sa hannu kan ƙarya zai gamu da hukuma, ni kuwa ko takardar tarar fakin na gani a gilashin mota sai in ruga in biya. Ban da haka, mutumin da bai ɓoye wa masu haraji kwalbar turare ba, shi zan ce ya ɓoye kansa a gidana? Ya ce to ka nemo mutum biyu marasa aiki ku cika biyar. Ya ma fara lissafa mini surukansa.

Na san abin da wasunku za su ce, musamman yaran da aka haifa a nan: me ya hana ka tambaye shi kawai ko yana son zuwa? Haba. A wurinmu, mutumin da kuke ci a kwano ɗaya ba a tambayarsa ko zai bi ka. In ka tambaya, ka riga ka sallame shi. Shi ya sa tun farko na rubuta sunansa ban shawarce shi ba, shi ya sa kuma yanzu na rasa bakin da zan soke shi. Amma kullum na dawo aiki sai in ga ledar ƙasar nan a kan taga kusa da bokitai, in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji.

Sai na shirya jawabi. Jawabi mai kyau kuwa, da gabatarwa da godiya da "ka san halin ƙasar nan". Kowace safiya in shiga banɗaki, in buɗe famfo don ya rufe muryata, in tsaya gaban madubi in karanta shi tun daga "Yaya Hamidou, ka fi kowa sanin matsayinka a wurina" har zuwa "ba korarka muke yi ba". In fito da niyyar yau zan faɗa, in same shi a falo ya haɗa mini shayi, in ce "Ina kwana, Yaya," in ɗauki hulata in gudu. Kwana goma sha biyu ina wannan jarumtaka.

Ranar Lahadi bayan mun dawo coci, Susana ta yi gwaten acca da yakuwar bokiti. Muna cikin ci Hamidou ya ajiye cokali ya ce, "Bon, Chollom, akwai wata magana da nike jin nauyin hwaɗa muku." Ya ce ya samu ɗaki kusa da teburinsa, wurin wani ɗan garinsu, ga masallaci a bakin ƙofa, gwiwoyinsa kuma sun gaji da hawa biyar ɗin nan namu. Na ce, cikin muryar da ni kaina ban yarda da ita ba, ai da mun so ka bi mu ƙauye. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ni da ƙauye? Da ƙahwata na gudo daga ƙauye. Mi zan saida ma barewa, turare?"

Jama'a, in faɗa muku gaskiya, wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Kuma don ku san irin mutumin da kuke karantawa, bayan sanyin sai haushi ya biyo. Na ce a raina, ashe duk shekarun nan gidan namu bai yi masa ba? Har na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Ranar Litinin na kira Sarkin Taswira na ce a soke layi na uku. Ya ce madalla, yanzu kun cancanta, mutum biyu. Na yi 'yar rawa a tashar bas har wani fasinja ya ɗauke ni hoto. Ranar Asabar Hamidou ya naɗe sallayarsa, ya ɗauki butarsa da jaka biyu, ya ce kada mu wahalar da kanmu da rakiya. Ni kuwa ban matsa ba.

Susana ce ba ta yi rawa ba. Ranar Laraba ta tashi aiki da wuri, ta zuba tuwo da miyar kuka a kula ta ce za ta kai masa, ta ga ɗakin da idonta. Da la'asar na dawo na same ta zaune a falo da mayafinta ba ta cire ba, kular tana kan tebur ba a buɗe ba.

Ta ce, "Babu ɗaki."

Na ce kamar yaya babu ɗaki?

Ta ce ba ta same shi a tebur ba, ya tafi salla, sai ta tambayi Salamatou, matar da ke sayar da atamfa kusa da shi, ina sabon gidan Baba Hamidou. Salamatou ta kai ta wani sito a bayan shagon gyaran waya, inda masu tebur suke ajiye kayansu. Katifa ce siririya tsakanin kwalayen man kaɗanya, ba taga, ba wurin wanka. Babu wani ɗan garinsu. Salamatou ta ce shi ya roƙi mai siton, ya kuma roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Na ce to wa ya gaya masa maganar fom? Ni dai ban faɗa ba.

Susana ta dube ni irin kallon da take yi wa barkonon nan nata. Ta ce, "Baban Aminci, bangon banɗaki da bangon ɗakinsa ɗaya ne. Ni da nake kicin ma na haddace jawabinka."

Kash. Sau goma sha biyu mutumin nan yana zaune kan sallayarsa yana jin ana sallamarsa da ruwan famfo, ya fito ya haɗa mini shayi. Da ya ga ba zan iya ba, sai ya ɗauke mini nauyin, ya sallami kansa, har da dariyar barewa don kada in ji kunya. Ni kuma na saka masa da fushin kwana biyu. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Susana ta ce, "Kira mai taswirar."

Na ce, Maman Aminci, ƙasar fa? Dankalin fa? Shekara goma sha tara kina jira.

Ta ce, "Na jira, bokiti bai kashe ni ba. Amma in na shuka dankali a bayan gidan can, mutumin nan yana kwana tsakanin kwalaye, wa zai iya ci? Kai za ka iya?" Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi, ta ɗauki kular ta ce in tashi mu tafi.

Muka same shi yana kwashe tebur. Da ya gan mu tare ya gane. Ya ce, "Madam, don Allah kar ku ɓata dosiyenku, takardunku na gida, saboda tsoho. Lahiyata lau a nan." Susana ta ce, "Baba Hamidou, tuwon nan a gida za a ci shi." Suka juyo suna kallona, ana jiran mai gida ya yi magana. Nan na gane jawabin da na haddace duk na sallama ne, ko layi ɗaya ban tanada na dawo da mutum ba. Sai na wuce su na shiga siton, na ɗauki butarsa da sallayarsa da jaka ɗaya na rataya, na kama hanyar jirgin ƙasa ban waiwaya ba. Haka ya yi mini da akwatina shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ina jin sa a bayana yana ta faɗa da Faransanci, amma ya biyo.

Da safe na kira Sarkin Taswira na ce a mayar da layi na uku. Ya ce ka tabbata? Ka san abin da hakan yake nufi, kuma kai da bakinka ka ce ba danginku ba ne. Na ce ranka ya daɗe, rubuta kawai. A gaishe mini da manya masu jan layi, a ce musu iyalin da ke cikin hoton tallarsu kyawawa ne, amma ba a gidanmu aka ɗauka ba.

Yau wasiƙar ta iso. Na hau da ita hawa biyar a ƙafa, don na'urar hawa ta sake lalacewa, na buɗe ina haki. Takarda mai kauri, da tambari, da sa hannu. Ta ce suna baƙin cikin sanar da ni cewa abin da gidana yake samu ya wuce iyaka. Na karanta musu da ƙarfi, mu uku a kan kujera ɗaya mai ƙafar da aka tokare da littafin waya. Hamidou ya sunkuyar da kai ya ce mu yafe masa, Susana ta ce in ya sake faɗa ba nama a miyarsa har sati. Sannan ta tashi ta ɗauko bokitin fenti na takwas, ta kwance ledar nan, ta juye ƙasar gundumar a ciki. Ko rabin bokitin ba ta kai ba. Ta tura ƙwayar dankali ɗaya da yatsa, ta miƙa wa Hamidou butarsa ta ce ya zuba ruwa.

Ni dai na sa wasiƙar a firam na rataye a falo, don tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa ba ni shaidar arziki a rubuce. Roƙona ɗaya gare ku, masu karatu: duk wanda ya san wani a bayan Riyom ya rufa mini asiri. In labari ya kai ƙauyenmu cewa gwamnatin Amurka da kanta ta ce Chollom ya yi kuɗi da yawa, wayata ba za ta sake yin sanyi ba.